Tambayoyi da Amsoshi Kan "I Remember Everything", Waƙar Rabuwa da Ta Hau Saman Jadawalin Amurka a 2023

A ƙarshen watan Agusta na 2023 wata waƙa mai sanyi, wadda babu kiɗan rawa a cikinta ko kaɗan, ta fito a Amurka, kuma kafin mako biyu su cika ta zama ta ɗaya a ƙasar baki ɗaya. Tun daga lokacin masu sauraro ke ta maimaita tambayoyi iri ɗaya a kanta, wasu kan ma'anarta, wasu kan mawaƙan, wasu kuma kan lissafin da ya ɗora ta a sama. Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Wace waƙa ce wannan, kuma su wa suka rera ta?

Waƙa ce ta mutum biyu, namiji da mace: Zach Bryan, mawaƙi daga jihar Oklahoma, da Kacey Musgraves daga jihar Texas. Sunanta na nufin "ina tune da komai". Ta fito ranar 25 ga Agusta, 2023, a cikin kundin waƙoƙi 16 da Bryan ya sa wa sunansa, wanda kamfanin Warner Records ya rarraba. Su biyun ne aka rubuta a matsayin marubutanta, Bryan kuma shi ya tsara sautin kundin da kansa. Tsawonta bai kai minti huɗu ba.

Kayan kiɗanta kaɗan ne: jita, ganga a hankali, da goge irin na Turawa da ke shigowa daga baya yana ƙara wa waƙar nauyi. Muryoyin ne a gaba, komai na biye da su.

Me waƙar take faɗa?

Namijin ne yake farawa. Yana zaune da giya mai arha a gabansa, yana cewa ita za ta kwantar masa da hankali, sai tunani ya kwashe shi zuwa ranakun da suke tare da wadda ya rasa. Ba ya cewa "na yi kewarki" kai tsaye. Abubuwa yake lissafowa: tawul ɗin bakin teku da aka shanya a igiya, tsohuwar motar Ford ƙirar 1988, kare ya leƙo da kai ta gefen fasinja, yashin da iska ke kwasowa daga gashinta yana shiga masa ido. A nan ne ya ɗora wa yashin laifin hawayensa, tunda a cewarsa babban mutum ba ya kuka. Wanda ya taɓa ganin namiji yana goge ido yana cewa ƙura ce, ya san abin da ake nufi.

Daga nan ya tuna wata tsohuwar kujera a ɗakin ƙasa, inda yake rera mata waƙoƙin soyayya, ita kuma tana ba shi labarin yadda mahaifiyarta ta gudu ta bar gida, har ta jinginar da zoben aurenta. Ya kuma tambaye ta ko yana tuna mata da mahaifinta. Wannan tambaya ba ƙarama ba ce, domin ta nuna yarinyar ta taso a gidan da ya rushe, kuma mai yiwuwa abin da ta gani a wurin uba shi take gani a wurin masoyi.

Amshin yana komawa ƙarshen dare, lokacin da ake rufe mashaya: ɗaya ya juya baya, ɗaya yana roƙon a tsaya har gari ya waye. Mai waƙar yana cewa da son samu ne da ya manta, amma babu daren da ya ɓace masa. Rabin waƙar ke nan. Sauran rabin yana cikin amsa ta gaba.

Me ya sa ake yawan cewa baitin macen ne ƙashin bayan waƙar?

Domin ba amshi ta zo yi masa ba, martani ta zo mayarwa. A yawancin waƙoƙin rabuwa bakin mutum ɗaya muke ji, shi ne mai ƙara, shi ne shaida, wadda aka rabu da ita kuwa ba ta da ta cewa. A nan Musgraves ta shigo da baiti gajere, ta tambaye shi: kana ta sha don hankalinka ya kwanta, to nawa hankalin yaushe za ka kwantar? Ta kwatanta zama da shi da taka siminti ba takalmi a tsakiyar zafi. Sannan ta faɗa masa abin da ya fi komai ciwo, cewa ba zai taɓa zama mutumin da ya sha rantse mata zai zama ba. Duk da haka ba ta rufe da zagi ba. Ta ce za ta riƙa tuna shi yana waƙa a cikin wannan tsohuwar mota.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ke faruwa da amshin bayan ta gama. Kalmomin ba su sauya ba, amma ma'anarsu ta juya. Da shi ya ce murmushi irin wannan sai an sha ake yin sa, mai sauraro zai ɗauka ita yake nufi. Da ita ta maimaita, sai ka gane shi ake nuna wa yatsa. Haka maganar babban mutum da ke furta baƙin zance idan kansa ya rikice: a bakinsa neman uzuri ne, a bakinta kuwa shaida ce ta wadda ta zauna ta ji waɗannan maganganu da kunnenta.

A ganina wannan ne ya raba ta da ɗaruruwan waƙoƙin giya da kewa da ake fitarwa a Amurka kowace shekara. Mutum biyu sun tuna dare ɗaya, mota ɗaya, kuma kowa ya faɗi gaskiya, sai dai gaskiyar ba ɗaya ba ce. Wanda aka bari zai ji kansa a baitin farko, wadda ta gaji ta tafi za ta ji kanta a na biyu, shi ya sa waƙar ta sami masu sauraro daga ɓangarorin biyu.

Giya ta yi yawa a cikinta. Shin tallan shaye-shaye take yi?

Tambaya ce da ta dace, musamman ga wanda addininsa da tarbiyyarsa suka haramta masa ita. Gaskiya ne da giya aka buɗe waƙar, da ita aka rufe, kuma waƙoƙin karkarar Amurka da yawa suna yi mata kirari a fili. Wannan dai ba ta cikinsu. Giyar da ke nan ita ce ta kashe soyayyar. Namijin ya ce za ta sa ya manta, amma waƙar gaba ɗaya shaida ce cewa bai manta komai ba. Macen kuma, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata, shan ne ta fara kawowa a ƙorafinta.

Akwai kalma ɗaya ko biyu masu kaushi irin na maganar yau da kullum a baitin macen. Iyaye da ke tunanin kunna ta a gaban yara su san da wannan, su kuma san cewa batun waƙar na manya ne.

Wane ne Zach Bryan?

An haife shi ranar 2 ga Afrilu, 1996, a tsibirin Okinawa na Japan, inda iyayensa ke zaune saboda aikin sojan ruwan Amurka. Ya girma a Oologah, wani ƙaramin gari a Oklahoma. Shi ma ya shiga sojan ruwa yana ɗan shekara 17, ya yi kimanin shekara takwas yana aiki. A lokacin hutunsa yake rubuta waƙoƙi, abokansa na ɗaukarsa da waya suna sawa a YouTube. Bidiyon da ya fara fito da shi, na waƙar "Heading South", a wajen barikinsu aka ɗauke shi da dare, yana ta gumi, shi da jitarsa kawai.

Mahaifiyarsa ta rasu a 2016, kuma kundinsa na farko da ya fito a 2019 sunanta ya sa masa, DeAnn. Rundunar ta sallame shi cikin mutunci a 2021 don ya fuskanci waƙa. A 2022 ya fitar da kundi mai waƙa 34, American Heartbreak, wanda a cikinsa akwai "Something in the Orange", ita ma waƙar rabuwa ce, wadda ta kai matsayi na 10 a jadawalin ƙasa, ta kuma yi fiye da shekara guda a cikinsa. Saboda haka lokacin da sabon kundin ya zo a 2023, miliyoyin mutane na jiran sa. Za a ga amfanin wannan a amsar da ke kan rediyo.

Ita kuma Kacey Musgraves fa?

Ta girme shi a shekaru da kuma a sana'a. An haife ta ranar 21 ga Agusta, 1988, ta taso a Golden, wani ƙauye a gabashin Texas. Kundinta na 2013, Same Trailer Different Park, ya ci kyautar Grammy, kundinta na 2018 kuma, Golden Hour, ya ci babbar kyautar kundin shekara a bikin 2019, inda ya doke na mawaƙan kowane fanni.

Abin mamaki shi ne duk da wannan daraja, kafin 2023 ba ta taɓa samun waƙa ko a cikin 40 na farko a babban jadawalin Amurka ba. Gidajen rediyon kiɗan karkara ba su cika sa waƙoƙinta ba, kuma wannan wani ɓangare ne na tsohon ƙorafin da ake yi cewa waɗannan gidaje suna ba mata mawaƙa fili kaɗan. Wannan waƙa ce ta fara kai ta matsayi na ɗaya, kamar yadda ta fara kai Bryan.

Me ake nufi da kiɗan karkara, kuma me ya sa wasu ke cewa wannan ba shi ba ne zalla?

Kiɗan karkara, wanda Amurkawa ke kira kantiri, ya taso ne daga kudancin ƙasar, daga waƙoƙin manoma, ma'aikatan jirgin ƙasa da masu zuwa coci. An fara ɗaukarsa a faifai a shekarun 1920. Shirin rediyon Grand Ole Opry ya fara a birnin Nashville a 1925, kuma a 1927 aka ɗauki Jimmie Rodgers da iyalan Carter a garin Bristol, ɗaukar da ake yi wa kallon tushen sana'ar. Nashville ce hedikwatarta har yau. A can akwai marubuta da aikinsu shi ne su zauna a ofis su biyu ko su uku su ƙera waƙa, a ba wani mawaƙi ya rera, a gyara sautin ya yi sumul don rediyo.

Ɗaya reshen, wanda ake kira fok, shi ne na mawaƙin da ke rubuta abinsa da kansa, ya ɗauki jita ya ba da labari ba ado. Woody Guthrie, babban jigon wannan salo, ɗan Oklahoma ne daga garin Okemah, kuma jihar na da nata salon da ake kira kiɗan jar ƙasa, wanda ya taso a kewayen garin Stillwater. Bryan daga wannan rijiya ya sha. Yana rubuta nasa, ba ya goge kaushin muryarsa, waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shi ya sa waƙar take tsakiya: labarinta da karin harshenta na karkara ne, tsarinta na fok ne, mujallar Billboard kuma ta lissafa ta har a jadawalin rok.

Mene ne Hot 100, kuma yaya ake lissafa shi?

Shi ne babban jadawalin waƙoƙi na Amurka, wanda mujallar Billboard ke fitarwa kowane mako tun watan Agusta na 1958. Yana jera waƙoƙi 100 da suka fi tashe ba tare da la'akari da fanninsu ba. Ba ƙuri'a ake jefawa ba, ba kuma alƙalai ke zaɓa ba. Kamfanin Luminate ne ke tattara alƙaluma iri uku daga cikin Amurka kawai: sau nawa aka saurari waƙa ta intanet a manhajoji irin su Spotify da Apple Music, mutum nawa aka ƙiyasta sun ji ta a rediyo, da kuma kwafi nawa aka saya. Sauraron wanda ke biyan kuɗin wata ya fi nauyi a lissafin a kan na wanda ke saurare kyauta da talla.

Makon lissafi yana farawa ranar Juma'a ya ƙare ranar Alhamis, shi ya sa mawaƙa ke fitar da sababbin ayyuka ranar Juma'a, don su ci makon gaba ɗaya. Jadawalin kuma yana ɗauke da kwanan watan Asabar ta makon da ke biye, wato kwana tara bayan rufe lissafin. Wannan ne dalilin da ya sa waƙar da ta fito ranar 25 ga Agusta ta bayyana a jadawali mai kwanan wata 9 ga Satumba.

Akwai ƙananan jadawalai na kowane fanni. Hot Country Songs na kiɗan karkara ne, kuma tun 2012 ake lissafa shi da hanya irin ta Hot 100. Country Airplay kuwa rediyo kaɗai yake aunawa. Wannan bambanci yana da muhimmanci a labarin wannan waƙa.

To wane matsayi ta kai takamaimai?

Ta shiga Hot 100 kai tsaye a matsayi na ɗaya a makonta na farko, ba ta hau daga ƙasa ba. A wannan makon dai ita ce ta ɗaya a Hot Country Songs da kuma Hot Rock & Alternative Songs, kuma ita ce waƙa ta farko a tarihi da ta riƙe waɗannan ukun a lokaci guda. Kafin ita, waƙar namiji da mace ɗaya tak ta taɓa zama ta ɗaya a jadawalin ƙasa da na karkara duka, wato "Islands in the Stream" ta Kenny Rogers da Dolly Parton a 1983. Shekara 40 ke nan tsakani.

Kundin ma ya shiga Billboard 200, jadawalin kundaye, a matsayi na ɗaya da kimanin raka'a 200,000 (awon da ke haɗa saye da sauraro), galibinsu daga sauraro ta intanet, kuma duka waƙoƙinsa 16 sun shiga Hot 100 a wannan mako. A wajen Amurka waƙar ta shiga jadawalan Kanada, Ostiraliya, Ireland da Birtaniya.

Ta yaya ta zama ta ɗaya alhali rediyo bai ɗauke ta ba tukuna?

Nan ne labarin ya fi daɗi. Shekara da shekaru, hanyar waƙar karkara ɗaya ce: kamfani ya zaɓi waƙa, ya aika wa gidajen rediyo, ma'aikatansa su bi masu tsara shirye-shirye suna lallashi, waƙar ta yi watanni tana hawa a hankali. Wanda rediyo ya ƙi, ya shiga uku. Wannan waƙa kuwa a makonta na farko rabon rediyo a lissafinta ɗan ƙanƙani ne. Abin da ya ɗaga ta shi ne an saurare ta fiye da sau miliyan 30 ta intanet a Amurka cikin kwana bakwai, da ƙarin waɗanda suka saya.

Daga ina waɗannan mutane suka fito? Bryan ya shekara huɗu yana tara su ɗaya bayan ɗaya, daga bidiyon waya zuwa ƙananan dandali zuwa manyan filaye, ba tare da ya jingina da Nashville ba. Yana magana da su kai tsaye a shafukan sada zumunta, yana sa musu guntayen waƙoƙi tun kafin ya gama su. Ya kuma shiga zukatansu da ya fito ya yi faɗa da tsadar tikiti, har ya fitar da kundin wasan kai tsaye a Disambar 2022 da sunan da ke sukar Ticketmaster, kamfanin sayar da tikiti. Ranar da kundin ya fito, jama'a suka yi masa caa. Cikin waƙoƙi 16 kuma wannan ce ta zarce, saboda ta haɗo masoyan Musgraves, saboda kuma mutane sun riƙa komawa kanta suna tura wa juna.

Ina ba wannan muhimmanci domin sauraro ta intanet zaɓi ne. Rediyo abin da aka sa maka kake ji. A waya kuwa kai ne ka nemo, ka danna, ka sake dannawa. Waƙa mai sanyi, mai baƙin ciki, wadda mai tsara shiri zai ji tsoron kada ta sa direba ya sauya tasha, ita ce mutane suka zaɓa da hannunsu.

Mako ɗaya kacal ta yi a sama. Wannan nasara ce ta gaske?

Mako ɗaya ta yi a matsayi na ɗaya a Hot 100, sai "Paint the Town Red" ta Doja Cat ta karɓe. Masu wannan tambaya suna da hujja, domin akwai waƙoƙin da magoya baya ke tura su sama a makon farko, mako na biyu su faɗo warwas, bayan wata guda ba mai tuna su.

Ma'aunin da ya fi shi ne abin da ya biyo baya. Wannan waƙa ta zauna a jadawalin har cikin shekarar 2024, ta yi makonni tana komawa saman jadawalan karkara da na rok, rediyo kuma ya biyo sahu daga baya, bayan jama'a sun riga sun yanke hukunci. Sai kyautar da ta ci, wadda aka yi bayani a ƙasa.

An ce 2023 shekarar kiɗan karkara ce. Me ya faru?

Abin da ba a taɓa gani ba ya faru. "Last Night" ta Morgan Wallen ta yi mako 16 a matsayi na ɗaya a wannan shekara. A jadawalin 5 ga Agusta, waƙoƙin karkara ne suka riƙe na ɗaya da na biyu da na uku, karo na farko a tarihin Hot 100: Jason Aldean, Wallen, da Luke Combs da sabon rerawarsa ta "Fast Car", waƙar Tracy Chapman ta 1988. Bayan su Oliver Anthony, wanda bai taɓa shiga wani jadawali ba, ya shigo kai tsaye a sama da "Rich Men North of Richmond". Sai Bryan da Musgraves suka karɓa daga hannunsa, suka zama waƙar karkara ta huɗu a jere a wannan kujera.

Biyu daga cikin huɗun, ta Aldean da ta Anthony, cece-kucen siyasa ya taimaka wajen ɗaga su. Ta Bryan ba ta da wannan. Babu jam'iyyar da ta ɗauke ta, babu muhawarar talabijin a kanta. Babban dalilin da ya haɗa su duka shi ne masu sauraron karkara, waɗanda suka daɗe suna dogara da rediyon mota da faifai, sun koma sauraro ta waya, lissafin kuma ya fara ganin yawansu na gaskiya.

Wace kyauta ta ci?

A bikin Grammy karo na 66, wanda aka yi a Los Angeles ranar 4 ga Fabrairu, 2024, ta ci kyautar waƙar karkara mafi kyau ta mutum biyu ko ƙungiya. Ita ce Grammy ta farko ga Bryan, ta bakwai ga Musgraves. An kuma sa ta a takarar rubutun waƙar karkara mafi kyau, amma "White Horse" ta Chris Stapleton ce ta ci. Kundin Bryan shi ma ya shiga takara, Lainey Wilson ta ɗauka.

Labarin gaskiya ne? Wace ce yarinyar?

Waƙar ba ta ambaci sunan kowa ba, kuma bai kamata a liƙa wa wata baiwar Allah ita ba don kawai ta taɓa zama da mawaƙin. Bryan da Musgraves ma ba masoya ba ne, abokan aiki ne da kowannensu ya ɗauki murya ɗaya a labari. Abin da yake a fili shi ne dukansu sun san rabuwa, kowannensu ya yi aure ya fita kafin wannan waƙa, kuma Musgraves ta yi kundi guda a 2021 kan mutuwar aurenta. Marubuci yakan ɗebo daga rayuwarsa, ya haɗa da abin da ya gani a wurin wasu. Motar da kujerar da zoben suna aiki ne saboda sun yi kama da gaskiya, ko ma daga ina suka fito.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan kiɗa da mu?

Akwai, ta hanya uku. Ta farko tsohuwa ce. Banjo, ɗaya daga cikin kayan kiɗan da aka gina kiɗan karkara a kansu, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙirƙiro shi a yankin Karibiyan da Amurka, bisa tsarin kayan kiɗan ƙwarya da fata da tsirkiya da suka baro a gida. Akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya yana cikin waɗanda masana suka fi dangantawa da shi, gurmi da molo da garaya kuma 'yan wannan babban dangi ne.

Ta biyu ta kunne ce. Duk wanda ya girma da rediyo da kaset a Najeriya ko Ghana a shekarun 1970 da 1980 ya san muryar Don Williams da Jim Reeves da Kenny Rogers da Dolly Parton. Har yau akwai dattawan da ba su sauya su da kowa ba. Wanda ya so natsuwar Don Williams zai sami wani abu a wannan waƙa, ko da yake muryar Bryan ta fi tasa kaushi nesa ba kusa ba.

Ta uku sabuwa ce. Shekara guda bayan wannan waƙa, Shaboozey, wanda aka haifa a jihar Virginia, iyayensa kuma 'yan Najeriya ne, Igbo, ya yi mako 19 a saman Hot 100 da waƙar karkara. Ƙofar da aka buɗe a 2023 ita ya bi.

Sun taɓa rera ta tare a gaban jama'a? Ina suka nufa bayanta?

Sun rera ta tare a birnin Chicago a watan Maris na 2024, a farkon rangadin da Bryan ya yi a wannan shekara. A sauran wurare yakan rera ta shi kaɗai ko da wata baƙuwar mawaƙiya, kuma sau da yawa 'yan kallo ne ke ɗaukar baitin macen baki ɗaya. A cikin watan Maris ɗin ne Musgraves ta fitar da kundinta Deeper Well, wanda ya shiga Billboard 200 a matsayi na biyu. Bryan kuwa ya koma cika filayen ƙwallo. A watan Satumba na 2025 ya tara mutum sama da 112,000 a filin wasa na jami'ar Michigan, taro mafi girma na masu tikiti da aka taɓa yi wa wasan waƙa a Amurka.

Turancina ba shi da ƙarfi. Yaya zan saurare ta in amfana?

Karin harshen Oklahoma yana haɗiye ƙarshen kalmomi, har wanda ya iya Turanci sosai yakan rasa wasu a jin farko. Manhajojin Spotify da Apple Music suna nuna baitocin a rubuce yayin da waƙa ke tafiya, a YouTube ma akwai ta da rubutu. Ka fara karanta amsoshi biyu na sama kan ma'anarta, sannan ka saurara sau ɗaya ba tare da kallon rubutu ba. A karo na biyu ka bi rubutun, ka lura da wuri uku: inda ya ɗora wa yashi laifi, inda muryar macen ta shigo, da amshi na biyu inda take jan gaba yana bin ta a ƙasa. Da abin sawa a kunne ta fi fitowa, domin gogen da ke bayan muryoyin ba ya jiyuwa sosai a lasifikar waya.